Ciwon Dasashi da Cikon Ƙashi: Abin da Ya Kamata Ka Sani Tun Haƙori Bai Fara Motsi Ba

Haƙori yakan faɗi ta hanya biyu. Wani yakan ruɓe, ya yi rami, ya yi ta zogi har a cire shi. Wannan kowa ya san shi, gama ba ya barin mutum ya yi barci. Wani kuwa lafiyarsa lau, ba rami ko ɗaya, amma sai ya fara tsawo, ya fara motsi, wata rana ya fita a cikin lomar tuwo. Mutane sukan ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa ciwon dasashi ne, wanda ya daɗe yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin, mai shi bai sani ba.

Wannan ciwo ya yawaita a duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa kusan mutum 19 cikin kowane manya 100 suna da ciwon dasashi mai tsanani, wato mutum fiye da biliyan ɗaya.

Wasu da suka je wurin likitan haƙori a manyan birane sun ji ana maganar cika ƙashi a gindin haƙori. Sukan dawo gida da tambayoyi. Ƙashin wa ake sawa? Yana kashe cutar? Zai hana haƙorin faɗuwa? Wannan ɗan littafi zai amsa su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nuna maka abin da za ka yi a gida domin kada ka kai ga bukatar wannan aiki.

Me ke riƙe da haƙori?

Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuwa yana da haƙoran nono 20. Abin da kake gani a baki ɗan kaɗan ne. Saiwar haƙori ta fi kansa tsawo, tana kafe a cikin ƙashin muƙamuƙi kamar yadda dirkar rumfa take kafe a ƙasa. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai ƙananan zaruruwa masu yawa ƙwarai da suke ɗaure su tare. Dasashi kuma ya rufe duka, ya manne a wuyan haƙori kamar wuyan riga.

A bakin dasashi akwai wata ƴar kwana da ta kewaye haƙori. In dasashi yana da lafiya, zurfinta milimita 1 zuwa 3 ne kawai, wajen kaurin ƙwayar gero ɗaya ko biyu. A wannan ƴar kwana ciwon yake somawa.

Yadda ciwon yake farawa

Ka kankari haƙorinka da farce da safe, za ka ga wani abu fari mai danƙo. Yawancinsa ƙwayoyin cuta ne da ake kira bakteriya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A bakin ɗan adam an gano irinsu fiye da 700. Da yawa ba sa cutar da kowa. Amma in aka bar su suka taru a wuyan haƙori, sukan lulluɓe kansu da wannan danƙo, kamar yadda gara takan lulluɓe hanyarta da ƙasa. Kurkure baki da ruwa ba ya fid da su. Sai an goge.

In ba a goge ba, cikin ƴan kwanaki dasashi yakan kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini in an taɓa shi. A wannan mataki ƙashi bai taɓu ba tukuna. In aka tsabtace baki da kyau, dasashi yakan warke sarai cikin mako ɗaya ko biyu.

In aka ƙyale shi, danƙon yakan haɗu da sinadaran da ke cikin miyau ya daskare, ya zama tsatsa mai tauri kamar dutse. Asuwaki ko buroshi ba sa iya cire ta. Bayanta kuma yana da kaushi, sabon datti yana manne mata da sauƙi.

Yadda ƙashi yake tafiya

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da dasashi ya saki wuyan haƙori, ƴar kwanar nan takan zama aljihu mai zurfi, milimita 4, 5, 6 ko fiye. A can ƙasa ba iska sosai, akwai kuwa wasu miyagun ƙwayoyin cuta da suka fi son wurin da ba iska. Can suke yaɗuwa, inda asuwaki ba ya kaiwa.

Jiki ba ya zuba musu ido. Yana aika sojojinsa na cikin jini su yaƙe su. Amma yaƙin ba ya ƙarewa, tun da tsatsar tana nan. A cikin wannan dogon yaƙi, jiki da kansa yake narkar da zaruruwa da ƙashin da ke kusa, kamar mutumin da ya sa wa shingensa wuta domin ya kori maciji. Shekara bayan shekara ƙashi yana ja da baya, kamar ƙasar da ruwan sama yake zaizayewa a gindin dirka, har dirkar ta fara girgiɗa.

Ƙashi yakan tafi iri biyu. Wani lokaci yakan sauka gaba ɗaya, bai ɗaya a ko'ina, kamar gonar da iska ta kwashe ƙasar samanta. Wani lokaci kuwa yakan yi rami mai zurfi, matsattse, a gefen saiwa ɗaya, bangon ƙashi yana kewaye da ramin. Ka riƙe wannan bambanci, gama shi ne zai nuna ko cikon ƙashi zai amfane ka.

Alamun da za ka lura da su

- Jini a asuwaki, ko a buroshi, ko a jikin rake da goro in ka ciza.
- Warin baki da ba ya tafiya.
- Dasashi ya kumbura, ko ya janye har haƙora suka yi tsawo.
- Mugunya tana fitowa in ka danna dasashi.
- Giɓi ya buɗe tsakanin haƙoran da a dā suke haɗe.
- Haƙori yana motsi.

Yawancin lokaci ba zafi. Shi ya sa mutane suke zuwa a makare. Lafiyayyen dasashi ba ya jini. In naka yana jini, ka zo a duba.

Abubuwan da ke ƙara ciwon

*Taba.* Mai shan sigari ya fi saurin rasa ƙashi, rauninsa kuma ba ya warkewa da wuri. Taba tana matse ƙananan hanyoyin jini, don haka dasashinsa ba ya jini sosai ko da ciwon ya yi nisa. Tabar da ake sawa a baki da kanwa tana cin dasashi daidai wurin da ake ajiye ta.

*Ciwon sukari.* In sukari ya hau, ciwon dasashi yakan yi tsanani. Ciwon dasashi kuma yana sa sukari wuyar sauka. Kowanne yana taimakon ɗan'uwansa. Wanda dasashinsa yake yawan yin ƙurji, ya kamata a gwada jininsa.

*Ciki.* Dasashin mace mai ciki yakan kumbura ya yi jini da sauƙi. Ƴar'uwa, kada ki daina goge baki saboda jinin. Jariri ba ya jan ƙarfin haƙoranki, dattin da aka bari ne yake yin ɓarnar. Ana iya wanke miki haƙora a asibiti kina da ciki.

*Rashin abinci mai gina jiki, da cututtukan da ke raunana jiki,* kamar cutar sida. Lemun tsami, gwaba, tumatir, mangwaro, zogale da garin ƴaƴan kuka suna da bitamin C, wanda dasashi yake bukata.

Aikin farko: wanke saiwa

Kowane irin magani na wannan ciwo yana farawa da abu ɗaya. Ma'aikacin haƙori zai auna zurfin aljihun da wani siririn ƙarfe mai alamu, sa'an nan ya kankare tsatsa daga saman dasashi da ƙarƙashinsa. In da bukata, a sa allurar kashe zafi. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake aunawa. Ga mutane da yawa, wannan tare da tsabta a gida ya isa ya tsai da ciwon.

Wasu sukan ce wankin haƙora ne ya buɗe musu giɓi, ya sa haƙoransu motsi. Giɓin yana nan tun dā, tsatsa ce ta toshe shi, kumburi kuma ya rufe shi. Da aka kwashe tsatsar, kumburin ya sauka, sai ɓarnar da ke ɓoye ta bayyana.

In bayan wannan akwai sauran aljihu mai zurfi, hoton ƙashi da ake ce wa radiyo kuma ya nuna rami matsattse, a nan ne likita zai iya kawo maganar ciko.

Mene ne cikon ƙashi?

Likita zai kashe zafin wurin, ya ɗaga dasashi, ya wanke saiwa da ramin tas, ya zuba wani gari mai kama da tsakin gero ko yashi, sa'an nan ya mai da dasashi ya ɗinke.

Manoman ƙasar Adar sun san yadda ake farfaɗo da fako. Sukan jera duwatsu a hanyar ruwa. Dutse ba ya zama ƙasa, amma yana tare ƙasar da ruwa ya kawo, har ciyawa ta tsiro. Haka ciko yake aiki. Yana riƙe wurin kada dasashi ya rufta ciki. Jini yana shiga tsakanin ƙwayoyin garin, ƙananan hanyoyin jini su biyo, sa'an nan jikinka ya gina nasa ƙashi a kai. Wani ciko yakan narke a hankali, wani yakan zauna shekaru. Ginin yana ɗaukar wata 6 zuwa shekara ɗaya.

Sau da yawa akan rufe cikon da wata ƴar siririyar fata, domin dasashi ya fi ƙashi saurin girma, in ba a tare shi ba zai riga ƙashi cika ramin. Kamar ƙayar da ake kewaye dashen itace da ita ne saboda awaki. Likitoci a ƙasar Suwidin ne suka fara nuna amfanin wannan dabara a jikin mutum a 1982.

Daga ina ake samo shi?

1. *Ƙashinka.* Akan kankaro kaɗan daga wani gefen muƙamuƙinka. Yana da rai, jiki ba ya ƙin sa. Amma rauni ya zama biyu, abin da ake samu kuma kaɗan ne.
2. *Ƙashin wani mutum* da aka bayar kyauta bayan rasuwarsa. Akan gwada shi saboda sida da ciwon hanta, a sarrafa shi, a busar.
3. *Ƙashin dabba,* yawanci na saniya, wani lokaci na doki ko alade. Akan fid da kitse da duk abin da ke na nama da zafi da sinadarai, sai farin ƙashi zalla ya rage. Ƴar fatar rufi ma sau da yawa daga alade ko saniya take.
4. *Na masana'anta,* wanda ba mutum ba dabba a cikinsa. Akwai wanda aka yi da kalsiyam da fosfor, sinadaran da ke ba ƙashi tauri. Akwai irin farar filastar da ake ɗaure karaya da ita, wadda wani likita a Jamus ya cika ramin ƙashi da ita tun 1892. Akwai kuma wani gilashi na musamman.

Kana da iko ka tambayi likita daga ina cikon ya fito kafin a sa maka. In addininka ko zuciyarka ba su yarda da wani iri ba, ka faɗa tun da wuri, a nemi wani. Ba abin kunya ba ne.

Babbar matsala: baki ba ya rabuwa da ƙwayoyin cuta

In aka yi wa mutum aiki a ƙafa, ana iya wanke wurin a naɗe shi. Baki kuwa ba a naɗe shi. Miyau yana gudana dare da rana, abinci yana wucewa, ƙwayoyin cuta suna nan a harshe da sauran haƙora. Ciko kuma a kwanakin farko ba shi da jini a cikinsa, saboda haka sojojin jiki ba su kai can da sauƙi ba, maganin da aka haɗiya ma haka. Ƙananan ramukan da aka yi domin ƙashi ya shiga, su ne kuma ƙwayoyin cuta suke son ɓuya a ciki. In suka riga ƙashi kama wurin, sai mugunya ta taru, cikon ya zube, kuɗi da wahala su tafi a banza.

Yawancin ciko, kamar ƙashin saniya da na kalsiyam, ba sa kashe ƙwayoyin cuta. Wuri kawai suke riƙewa. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman cikon da zai yi aiki biyu, ya riƙe wuri ya kuma kori cuta, kamar tokar da ake gauraya wake da ita a ajiya: tana cika tsakanin ƙwayoyin waken, tana kuma hana ƙwari sakewa.

Gilashin da ke manne wa ƙashi

A 1969 wani masani mai suna Larry Hench, a Jami'ar Fulorida ta ƙasar Amurka, ya haɗa wani sabon irin gilashi. Abin da ya tura shi ga wannan bincike shi ne maganar wani hafsan soja da ya ga samari da yawa suna rasa hannu da ƙafa a yaƙin Biyetnam, domin jiki yana ƙin ƙarfe da robar da ake sa musu. Cikin kashi 100 na gilashin, 45 sinadarin yashi ne, 24.5 na sodiyam, 24.5 na kalsiyam, 6 na fosfor. Da aka gwada shi a jikin ɓeraye, sai ya manne wa ƙashi ƙam. A 1993 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a sa garinsa a ramukan da ciwon dasashi ya yi, da sunan PerioGlas.

Wannan gilashi daban yake da na taga ko kwalba. Yana narkewa a hankali a cikin jiki. Da jini ya jiƙa shi, abu uku suke faruwa.

Na ɗaya, yana sakin sodiyam da kalsiyam, sai ruwan da ke kewaye da shi ya yi kaifi irin na ruwan toka ko na kanwa. Ƙwayoyin cuta da yawa ba sa iya rayuwa a cikin irin wannan ruwa.

Na biyu, sinadaran da ya saki sukan yi yawa a wurin, su tsotse ruwan jikin ƙwayoyin cutar, kamar yadda gishiri yake tsotse ruwan nama ya hana shi ruɓa.

Na uku, bayan gilashin yakan yi wani lulluɓi irin sinadarin ƙashi, sai ƙashin mutum ya karɓe shi ya yi gini a kansa.

Wani amfaninsa shi ne ba maganin kashe cuta irin na kafso ba ne, saboda haka yana aiki har a kan wasu ƙwayoyin cuta da suka riga suka gagari magunguna. Akwai wani irinsa da aka haɗa a ƙasar Finlan, wanda likitocin ƙashi suke cika ƙashin da ya daɗe yana mugunya da shi, bayan sun kankare ruɓaɓɓen wurin.

Waɗansu dabaru

Wasu likitoci sukan gauraya ciko da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar tetirasaikilin, domin maganin ya riƙa fita daidai wurin da ake bukatarsa. Damuwar ita ce maganin yakan ƙare da wuri, yawan amfani da shi kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta su gagare shi.

Masu bincike kuma suna gwada sa ɗan azurfa, ko jan ƙarfe, ko zinki a cikin ciko. Zinki shi ne sinadarin da ke cikin ƙwayar da ake ba yara tare da ruwan gishiri da sukari in suna zawo. Waɗannan suna lalata fatar ƙwayoyin cuta. Amma in aka sa kaɗan ba su isa ba, in aka sa da yawa sukan cuci ƙashin da ake so ya tsiro. Ana kuma gwada wani sinadari da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Yawancin waɗannan har yanzu a ɗakin bincike suke.

Ina iyakar ƙarfinsu?

A cikin faranti a ɗakin gwaji, garin gilashin yana kashe ƙwayoyin cutar baki da yawa, musamman in garin yana da laushi. A cikin bakin mutum kuwa ƙarfinsa yakan ragu, gama jini da miyau suna tsarma kaifin nan, suna wanke shi. Taimakonsa na kwanakin farko ne, a daidai wurin da aka zuba shi. Ba ya kai wa sauran haƙora, ba ya kuma narkar da tsatsa.

Saboda haka babu cikon da ke warkar da ciwon dasashi shi kaɗai. Wanda ya cika gindin dirka da sabuwar ƙasa bai kori gara ba, baɗi zai sake. Abin da ya fi ƙarfi wajen nasarar aikin shi ne tsabtar saiwa ranar aiki, da tsabtar bakinka kowace rana bayan haka.

Gargaɗi: kada ka ji an ambaci kanwa da toka ka je ka cusa su a dasashi. Suna ƙona nama, su ƙara rauni. Kada kuma ka daka kwalba ko ƙashi ka sa a baki.

Wa zai amfana da ciko?

Zai fi amfanar wanda raminsa matsattse ne mai zurfi, wanda bakinsa yake da tsabta, ba ya shan taba, sukarinsa a daidai yake, yana kuma iya komawa wurin likita sau da yawa. In ƙashi ya sauka bai ɗaya a ko'ina, ba bangon da zai riƙe garin, ciko ba zai mai da shi ba. Ko inda aka yi nasara, yawanci wani sashe na ramin ne yake cika.

Wannan aiki na ƙwararrun likitocin haƙori ne, sun fi yawa a manyan birane. Kayan daga waje ake kawo su, suna da tsada. Kafin ka sayar da akuya ko buhun gero domin haƙori ɗaya, ka tambayi likita:

- Ramin nawa irin wanda ciko yake yi wa aiki ne?
- Daga me aka yi cikon?
- Nawa ne kuɗin duka, har da na dawowa?
- In ba a yi ba, me zai faru da haƙorin?

Wani lokaci shawarar da ta fi ita ce a cire haƙori ɗaya da ya riga ya lalace, a wanke sauran a cece su. Wanda bai sami halin ciko ba kada ya karaya. Wankin saiwa da tsabta suna iya tsai da ciwon, haƙori ya ci gaba da aiki shekaru da yawa ko da ƙashinsa ya ragu.

In an yi maka aikin

Kada ka taɓa wurin da harshe, yatsa ko tsinke. Ka ci abinci mai laushi kamar kunu, fura da tuwo mai taushi, ka tauna ta ɗaya gefen. Ka bar rake, goro, ƙashi da gasasshiyar masara har likita ya ba ka izini. Ka bar taba. Ka sha magani yadda aka rubuta, har ya ƙare. In an ba ka ruwan kurkure baki, ka yi amfani da shi, ko da ya ɗan rina haƙora, gama rinin yana fita. Sauran haƙora ka ci gaba da goge su. In ɗinki ya buɗe, ko ka ga mugunya, ko kumburi yana ƙaruwa bayan kwana uku, ka koma nan da nan.

Abin da za ka yi a gida tun yau

Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi araha.

1. Ka goge haƙora sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci. Na dare ya fi muhimmanci, gama miyau yakan ragu in mutum yana barci.
2. Asuwaki yana aiki ƙwarai in an iya shi. Ka tauna bakinsa ya yi laushi, ka goge kowane haƙori daga dasashi zuwa bakinsa, waje da ciki, har turamen baya. Tauna shi kawai ana yawo bai isa ba. Ka riƙa yanke bakin da ya tsufa.
3. In buroshi ne, ka zaɓi mai laushi, da man goge baki mai fuloraid. Kowa da nasa.
4. Kada ka dirje haƙora da yashi, gawayi ko toka. Suna cinye haƙori da dasashi.
5. In dasashi yana jini, ka ci gaba da gogewa a hankali. Ka kurkure da ruwan ɗumi kofi ɗaya da gishiri rabin ƙaramin cokali. In bai daina ba bayan mako biyu, ka zo.
6. Kada ka ɗora ƙwayar asfirin, ruwan batir, fetur ko turare a dasashi.
7. Kada ka sayi kafso a hannun masu talla. Yana iya kwantar da kumburi ƴan kwanaki, tsatsar kuwa tana nan. Tetirasaikilin yana ɓata haƙoran jaririn da ke ciki da na yaran da ba su kai shekara 8 ba.
8. Kada ka yarda a cire maka haƙori a kasuwa. Ƙarfen da ba a dafa ba yana ɗauke ciwon hanta da sida daga baki zuwa baki.

Ka zo asibiti yau, kada ka jira gobe, in:

- fuska ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, da zazzaɓi;
- ba ka iya buɗe baki, ko haɗiya, ko numfashi sosai;
- jini ya ƙi tsayawa;
- ƙaramin yaro, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, yana da gyambo a dasashi, bakinsa yana wari, kumatunsa ya kumbura. Wannan yana iya zama ciwon noma, wanda yake cin fuska cikin ƴan kwanaki. In an kawo yaron da wuri, magani yana tsai da shi.

Ga shugabannin ikilisiya da masu karanta wa jama'a

Da yawa daga cikin waɗanda wannan ciwo ya fi damu ba su iya karatu ba. Ku karanta musu wannan ɗan littafi a taron mata, a zauren mai gari, ko bayan sujada. Ku kawo asuwaki ku nuna yadda ake gogewa. Ku lura da tsofaffin da suka daina cin nama da gyaɗa domin ba sa iya tauna, gama wanda ba ya tauna yakan rame. Mai warin baki kuma kada a guje shi ko a yi masa ba'a. A ja shi gefe a gaya masa cikin ƙauna cewa abin yana da magani.

Allah ne ya yi jikin nan, ya ba shi ikon gina ƙashi da warkar da rauni. Likita yana share wuri ne, yana taimakawa. Kulawar kowace rana kuwa a hannun mai bakin take.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me mutanen garinmu suke cewa yana sa haƙori motsi? Me muka koya yau?
2. Don me ake wanke saiwa kafin a yi maganar ciko?
3. Don me cikon da ke kashe ƙwayoyin cuta bai isa shi kaɗai ba?
4. Wa muka sani da ya kamata mu raka asibiti a wannan mako?